Likita Ya Amsa: Zama Da Mai Ciwon Dajin Da Ba Ya Warkewa

Wata baiwar Allah ta rubuto: "Likita, ciwon dajin hanjin mijina ya bazu zuwa hanta, an ce ba zai warke ba. To don me ake ta wahalar da shi da kemo (maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji)?"

'Yar'uwa, Allah ya kawo masa sauƙi. Rashin warkewa daban, rashin magani daban. Idan ciwon ya kai mataki na 4, wato ya bar inda ya fara ya kama wani sashen jiki, aikin kemo ya koma rage girman ƙarin, rage saurin yaɗuwarsa, da samar wa mara lafiya lokaci mai ɗan daɗi. Akwai waɗanda ke yin shekaru a haka. Ku tambayi likitansa ƙarara: me ake sa ran wannan zagayen zai yi, kuma yaushe za a duba ko yana aiki? In wahalar ta rinjayi amfanin, ana rage ƙarfin maganin ko a dakata, kuma mai jikin ne ke da ta cewa.

Ki sa ido kan zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki daga cuta kan yi ƙasa sosai. Da zarar zafin jikinsa ya kai digiri 38, ku nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Kada a ba shi farasitamol a ce a jira gari ya waye.

Wani magidanci ya ce: "An rubuta wa matata mofin (maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi), amma dangi sun ce maganin masu shirin mutuwa ne, kuma zai kama ta har ta kasa dainawa."

Malam, ka ba ta. Wannan tsoron ya bar mutane da yawa cikin azabar da ba dole ba, abin yana damuna ƙwarai. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mofin a tsarin magance raɗaɗin ciwon daji. In an bi ƙa'idar likita, ba ya gaggauta ajali, kuma da wuya ya kama mai shansa don ciwo. A ba ta a kan lokaci, ba sai ta fara kuka ba. Yana ɗaure ciki, saboda haka ku nemi maganin sakin ciki tun ranar farko.

Wata kuma ta tambaya ko za ta iya ɗaukar ciwon ta wurin kwanciya da mijinta.

A'a, ciwon daji ba ya bin shimfiɗa, ko kwano, ko tufafi. Sai dai a yi amfani da kwaroron roba 'yan kwanaki bayan kemo, a kuma guji ɗaukar ciki muddin ana kan magani.

Ta ƙarshe, mai kula da mara lafiya, ta ce: "Shekara biyu ina jinya. Wani lokaci nakan ji haushinsa, sai in koma ina kuka don kunya."

'Yar'uwa, gajiya ce, ba rashin so ba. Masu jinya da yawa sun san wannan haushin, ɓoyewa kawai suke yi. Masu ce miki "in kina buƙatar wani abu ki faɗa", ki ba su aiki takamaimai: wannan ya kai shi asibiti ranar Talata, wancan ya kwana da shi ki samu barci. In kika yi mako biyu barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, komai ya fita ranki, ke ma ki ga likita, ki faɗa masa yadda kika faɗa mini.