Na miƙe da kilo 180, me ya sa alƙalai suka ɗaga mini ja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Garwa ne, shekara uku ina ɗaga ƙarfe. A wata 'yar gasa da aka shirya bisa dokokin IPF, hukumar duniya ta gasar ɗaga ƙarfe mai ɗagi uku (tsuguno, turin benci da cirar ƙasa), na tsuguna da kilo 180 na miƙe ba wanda ya taimake ni, amma alƙalai biyu suka ɗaga mini ja. A turin benci ma aka soke mini guda, wai na yi gaggawa. Son kai ne, ko akwai abin da ban sani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yadda ka ba da labarin, alamu sun fi nuna ƙa'ida ce ta kayar da kai. Ba miƙewarka kaɗai alƙali yake dubawa ba. Yana duba inda ka faro, inda ka kai, da ko ka jira umarninsa.

Alƙalai uku ne: babba a gaba, biyu a gefuna. Kowa yana yanke nasa hukunci, fari ko ja, kuma biyu cikin uku suke rinjaye. Idan na gefuna ne suka ba ka ja a tsuguno, kusan kullum zurfi ne, domin su ne suka fi ganin cinyarka.

Dokar IPF, wadda aka kafa a 1972, ta ce saman cinya a inda ta haɗu da ƙugu sai ya sauka ƙasa da saman gwiwa. Daidai da gwiwa bai isa ba. A nan ake yawan ruɗewa. Mai kaurin cinya yana jin bayan cinyarsa ya matse ɗambubu, sai ya ɗauka ya kai. Wani kuma yana sunkuyar da ƙirji, sandar ƙarfen ta yi ƙasa sosai, alhali ƙugu na nan sama inda yake. Abokan atisaye ma ba sa taimakawa, suna tsaye a gabanka suna kallo daga sama suna ihun "ta yi!" Daga can kowane tsuguno mai zurfi ne. Ka ɗora waya a kan kujera daidai tsayin gwiwa, a gefenka, ka ɗauki bidiyo, ka tsayar da shi a inda ka fi sauka. Da yawa za su tarar saura yatsa biyu ko uku. Gyaran yakan sa ka rage nauyin atisaye na ɗan lokaci. Haƙuri za ka yi.

Ko zurfin ya yi, za a iya soke maka idan ka fara sauka kafin babban alƙali ya ce "skwat", ko ka taka ƙafa gaba kafin ya ce "rak", ko sandar ta koma ƙasa bayan ka fara tasowa, ko ba ka miƙe gwiwoyi sarai ba a ƙarshe.

Gaggawar da aka ce ka yi a benci kuwa, umarni uku ne a wurin: "sitat" ka sauko da sanda, "fires" ka tura, "rak" ka mayar. Na tsakiyan ne yake cin mutane. Alƙali ba zai faɗe shi ba sai sandar ta tsaya cik a ƙirji. Doka ba ta ƙayyade daƙiƙa nawa ba, don haka wanda ya sauko da ita tana rawa shi ya tsawaita wa kansa jira. Wanda ya saba dunguro ta da ƙirji a ɗakin atisaye, ranar gasa hannunsa zai riga kunnensa. Kai, kafaɗu da ɗuwawu kada su rabu da benci, tafin ƙafa ya zauna a ƙasa, tazarar riƙo kada ta wuce santimita 81 tsakanin yatsun manuni, babban yatsa ya zagaye sandar. Tun 2023 an ƙara sharaɗi: gwiwar hannu sai ta sauka daidai da saman kafaɗa ko ƙasa da ita, saboda masu gantsare baya har sanda ba ta tafiyar kirki.

A cirar ƙasa, wato ɗago sandar daga ƙasa har ka miƙe tsaye, umarni ɗaya ne, "dawun", wato ka sauke. Ka miƙe gwiwoyi, kafaɗu a baya, ka jira. Sanda tana iya tsayawa a hanya, amma ba ta komawa ƙasa, ba a kuma ɗora ta a cinya ana turo ta kaɗan-kaɗan. Bayan umarni a sauke ta da hannu biyu. Wanda ya sake ta ta faɗi ya zubar da wahalarsa.

Abin da ya fi damunmu da sababbin shiga shi ne zaɓen nauyin farko. Gwaji uku kake da shi a kowane ɗagi, kuma idan ka faɗi ba a rage maka, sai dai ka maimaita ko ka ƙara, mafi ƙaranci kilo 2.5. Ka faɗi duka ukun, ba ka da jimla, wato haɗin nauyin ɗagi ukun da ake tantance matsayi da shi. Ka buɗe da abin da kake ɗagawa sau uku a jere ko ranar da zafin Afrilu ya tsotse ka. Kada kuma ka yarda da lissafin faya-fayan siminti ko ƙarafan mota da aka yi wa walda, sai ka ɗora su a sikeli. Sandar gasa kilo 20 ce, makullanta biyu kilo 5, wato 25 kafin a sa faifai ko ɗaya.

Minti ɗaya gare ka ka fara bayan an sanar an ɗora nauyi, minti ɗaya kuma ka miƙa nauyin gwaji na gaba. Faɗin bel kada ya wuce santimita 10, kuma a cirar ƙasa dole safa ta rufe ƙwauri.

Idan ka ga ja, kada ka tsaya musu a dandali. A gasar da ta cika ƙa'ida alƙali yana nuna katin dalili, ja, shuɗi ko rawaya. A tsuguno jan kati zurfi yake nufi. Inda akwai kwamitin ɗaukaka ƙara, kocinka ne zai je wurinsu nan take, kafin a yi nisa. Inda babu, ka tambayi alƙalin gefe cikin ladabi bayan an gama zagayen, ya nuna maka da hannu inda ƙugunka ya tsaya.