Mece ce ma'anar kalmar "archangel"?

Tambaya: Malam, ina karanta wani littafin tarihin Annabi (SAW) da aka rubuta da Turanci, sai na ga an kira Mala'ika Jibrilu "archangel". Me kalmar take nufi, kuma ya dace a kira shi da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, asalin kalmar Girkanci ne, kuma kalmomi biyu aka haɗa: "arkhi", wato na gaba ko babba, da "angelos", wato ɗan aike. Daga Girkanci ta shiga Latin, daga baya ta iso Turanci. Fassararta da Hausa ita ce "babban mala'ika".

Wajen furuci ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Na sha jin ɗalibi a aji ya karanta ta da sautin "c" don ya saba da "archbishop", alhali da "k" ake furta ta, wato "ak-enjel", kamar yadda ake furta farkon "architect".

Kalmar ta shahara ne a cikin addinin Kirista, amma sau biyu kacal ta zo a Sabon Alkawari na Baibul: a 1 Tasalonikawa 4:16, sai kuma a aya ta 9 ta wasiƙar Yahuza, inda aka ba Mika'ilu wannan laƙabi. Cocin Katolika na tunawa da uku, Mika'ilu da Jibrilu da Rafayel, a ranar 29 ga Satumba, kuma birnin Arkhangelsk na arewacin Rasha ma daga wannan kalma ya samo sunansa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a jerin darajoji tara na mala'iku da wani malamin Kirista ya tsara wajen shekara ta 500, waɗannan manyan mala'iku a mataki na takwas suke, rukunin mala'ikun da ake kira Serafim ne a kan gaba.

Shi ya sa nake son Musulmi mai rubutu da Turanci ya yi amfani da ita da lura. Marubucin littafinka girman Jibrilu yake nufi, ba wancan jeri ba, kuma da wannan ma'ana babu laifi. Alƙur'ani ya ambaci Jibrilu da Mika'ilu da sunansu a aya ta 98 ta Suratul Baƙara, ya kuma yi maganar mala'iku makusanta a aya ta 172 ta Suratun Nisa'i. Idan za ka mayar da ita Hausa, ka ce "babban mala'ika" ko "manyan mala'iku", ka guji "shugaban mala'iku", domin Turanci yakan ba mala'iku da dama wannan laƙabi a lokaci guda.