Zan fara kemo, in ci gaba da zuwa aiki asibiti ko in zauna a gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni nas ce, shekarata 14 ina aiki, yanzu ina ɗakin yara. An gano ina da kansar mama, an yi min aiki, sati mai zuwa zan fara kemo, wato maganin kansa da ake sa wa ta jijiya, wannan jan, duk bayan sati 3. Wallahi ba na son zaman gida, tunani zai min yawa, ga yara ga kuɗin magani. Maigida ya ce in ajiye aikin, metiron ɗinmu kuma ta ce in dai babu takarda sunana yana nan a rosta. Tsorona kar in kwaso wata cuta a wod. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Sista, sannu, Allah Ya ba ki lafiya Ya sa kaffara ce. Kar ki rubuta takardar ajiye aiki, mutane da yawa suna kemo suna zuwa aiki, amma ɗakin yara kam a'a, ki fita daga can har a gama. Ke kin fi ni sanin abin da ake shigowa da shi, ƙyanda, ƙarambau, tari, gudawa, yaro ya yi miki atishawa a fuska kina neman jijiya. Haka ɗakin masu tarin fuka, da imajensi musamman da rani lokacin Lassa da sanƙarau. Ki nemi a mai da ke wajen rikod, ko koyar da ɗalibai, ko wani aikin ofis, dutin dare kuma a cire ki gaba ɗaya.

Jan da kike faɗa doxorubicin ne, yawanci ana haɗa shi da cyclophosphamide. Kwanakin farko amai da kasala ne za su kwantar da ke, amma haɗarin yana tsakanin kwana na 7 zuwa na 14, lokacin da fararen ƙwayoyin jini suke faɗuwa ƙasa, kuma abin haushin a daidai lokacin ne kike jin kin warware kina cewa bari in leƙa aiki. Sati na uku ya fi dacewa da fita. Ki sa kalanda a gaba ku tsara rosta a kan haka.

To yanzu ga abin da yake ƙona min rai, kuma ku ma'aikatan lafiya kun fi kowa yin sa. Zazzaɓi ya taso bayan kemo sai a ce ai maleriya ce. Ki watsa parasitamol biyu, ki ɗauko Coartem a jaka, ƙawarki ta sa miki ruwa a ɗakin hutawa ta ƙara da allurar artemether, gobe a je a yi Widal a ce taifod ce a ɗora cipro. Sista dan Allah, dan girman Allah, kar ki yi wannan. Mai kemo in zafin jikinta ya kai 38, a wajenmu jininta ya harbu ne har sai gwaji ya nuna akasin haka. In neutrophil, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jinin, suka yi ƙasa da 500 babu sojan da zai tare ƙwayar cuta, ba lallai ki ga mugunya ko kumburi ba, ba abin da zai nuna sai zazzaɓin nan kaɗai, shi ne kuma kika danne da parasitamol, ga dexamethasone ɗin da ake ba ki don amai shi ma yana iya ɓoye shi. Ƙa'ida ita ce a sa antibayotik ta jijiya cikin awa 1 da isowarki asibiti, ba a jiran sakamako. Wadda ta kwana biyu tana maganin maleriya a gida, ita ce ake kawo mana jini ya sauka, fitsari ya ɗauke, ana neman gadon ICU da tsakar dare, dangi kuma su tashi su ce kemo ce ta kashe ta, labari ya zaga unguwa, ta gaba ta ƙi zuwa asibiti ta tafi wajen mai sassaƙe.

Za ki ce min to ai ƙasar sauro muke. Na sani. A gwada maleriyar, in an samu a yi maganinta, amma samun ta bai wanke ki ba, ana iya samun biyun tare, gwajin ƙwayoyin jini na FBC ne zai faɗa mana inda kike. Kuma ban damu ba ko ke ce kike karanta sakamakon wasu shekara 14, wannan karon ke majinyaciya ce, wanzami ma ba ya yi wa kansa ƙaho a baya. Ki sayi tamomita naki, ki auna kafin ki sha kowane maganin ciwon jiki, in kuma sanyi ya kama ki kina kakkarwa ko da bai kai 38 ba, ki kira likitanki. Ki koya wa maigida wannan lambar ta 38, don ranar da abin zai zo ke ce za ki fara cewa a bari zuwa safiya.

Maganar metiron, ki karɓo takarda daga likitan da yake ba ki kemo, ya rubuta ƙarara wuraren da ba za ki shiga ba da kwanakin hutu, ki ajiye kwafi. Na gaji da ganin ana sa mai kemo tana hawa bene daga ofis zuwa ofis don sa hannu, ki wakilta wani.

Sai ki tambayi likitanki ko zai ƙara miki allurar filgrastim mai ƙara fararen ƙwayoyin jini, kuma a duba hepatitis B kafin a fara don kemo tana iya tayar da shi. In an koma paclitaxel, wani maganin kemon, kika ji kan yatsunki suna mutuwa, ki bar wa wata sa kanula. In aka ce yaron da kika taɓa ƙarambau ne ko ƙyanda, ki kira likitanki a ranar, ko da Lahadi ce.