Tambaya da Amsa: Me ya sa wuta kan ɗauke ta dawo da kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, idan ana iska ko ruwan sama, wutar lantarki takan ɗauke ta dawo nan take, ta sake ɗaukewa ta dawo, a karo na uku ko na huɗu kuma ta tafi ke nan sai bayan sa'o'i. Shin wani ma'aikaci ne yake zaune yana kashewa yana kunnawa? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A layukan da aka yi wa tanadin zamani, wannan aikin wata na'ura ce da injiniyoyi suke kira rikuloza, wadda ake ɗaurawa a kan falwaya ko a ƙaramar tashar rarraba wuta, galibi a layuka masu ƙarfin kilobolt 11 ko 33. An fara amfani da ita a Amurka tun shekarun 1940, kuma dalilin ƙirƙirarta shi ne mafi yawan matsalolin da suke samun wayoyin sama, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙiyasin masana, ba masu ɗorewa ba ne. Reshen bishiya ya goga waya ya koma, iska ta haɗa wayoyi biyu su rabu, ko tsawa ta faɗo kusa. Abin da yake saura shi ne tartsatsin da ya tashi, wanda ba ya mutuwa muddin wuta tana bin layin, amma da zarar an katse ta sai ya mutu, layin ya koma lafiya lau.

Don haka idan na'urar ta ji wuta ta yi yawa fiye da ƙima, sai ta katse layin, ta jira abin da bai kai daƙiƙa guda ba ko 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta sake haɗawa ta gani. Idan matsalar ta gushe, shi ke nan, ƙiftawar ƙwan fitila kawai kika gani. Idan kuwa tana nan, na'urar za ta sake gwadawa, yawanci har sau uku, daga nan ta kulle kanta, domin hakan alama ce cewa waya ce ta tsinke, ko falwaya ta faɗi, ko wani abu ya kwanta a kan layin. Wannan ita ce tafiyar da kike cewa ta sa'o'i, wadda sai ma'aikata sun fita sun gyara.

A wuraren da aka ƙara zuba jari, aikin bai tsaya nan ba. Ana raba layin yanki-yanki da makunnai masu aika bayani zuwa kwamfutar cibiyar kula da wuta, kwamfutar ta gano tsakanin waɗanne makunnai biyu ne matsalar take, ta ware wannan yanki shi kaɗai, sannan ta jawo wa sauran gidajen wuta ta wani layin da yake maƙwabtaka, sau da yawa cikin minti ɗaya ko biyu. Sharaɗin dai shi ne a sami layi na biyu mai rarar ƙarfi, in ba haka ba duk wayon kwamfutar ba ta da inda za ta ɗebo wuta.

Akwai kuma inda ake hana na'urar sake haɗawa da gangan. Kebul ɗin ƙarƙashin ƙasa idan ya samu matsala yawanci mai ɗorewa ce, gwaji ƙara ɓarna kawai yake yi. Haka nan ana dakatar da ita idan ma'aikata suna aiki a kan layi mai wuta, kuma bayan gobarar dajin da aka yi a jihar Biktoriya ta Ostireliya a 2009, an taƙaita gwajin a ranakun da ake fargabar gobara. A ganina abin da ya fi muhimmanci ga mai gida shi ne wannan: wayar da ta faɗo ƙasa tana kwance shiru na iya samun wuta a kowane lokaci ba tare da gargaɗi ba. Kada a taɓa ta ko da sanda ne, a janye yara da dabbobi nesa, a kira kamfanin wuta.

Tambaya: Wannan ɗaukewa da dawowa ba ta lalata firji? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Tana iya wahalar da shi, Malam, domin injin firji da na na'urar sanyaya ɗaki ba sa son tashi nan take bayan sun tsaya, sai matsin iskar gas da ke cikinsu ya daidaita. Idan wuta ta fara ƙifce-ƙifce, ka kashe su ka jira minti uku zuwa biyar, ko ka sa musu na'urar kariya mai jinkirta kunnawa.