Yaya harsashi yake wuce farfela bai sare ta ba?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani jirgin Yaƙin Duniya na Ɗaya, bindiga na zaune daidai bayan farfela. Ta yaya matuƙi zai buɗe wuta bai kakkarya farfelarsa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan matsala ta hana injiniyoyi barci. A 1914 aikin jirage galibi leƙen asiri ne, in matuƙa suka haɗu a sama sai su yi ta harbin juna da ƙaramar bindiga, da ƙyar ake samun wani. Daga baya aka gane cewa saiti ya fi sauƙi in hancin jirgi da bakin bindiga suna kallon wuri guda. To ga farfela a tsakani, kuma ta katako ce.

Wani matuƙi ɗan Faransa, Roland Garros, ya bi ta da ƙarfi: aka ɗaura wa farfelarsa ƙarafa masu tsini, harsashin da ya same su sai ya goce gefe. Ganganci ne tsagwaronsa, amma ya kakkaɓo jirgin Jamus ranar 1 ga Afrilu 1915. Ranar 18 ga watan ya sauka dole a yankin Jamusawa, suka kama shi da jirgin.

Kamfanin Anthony Fokker, ɗan ƙasar Holan da ke ƙera wa Jamus jirage, shi ya fito da dabarar da ta zauna. Akwai wani faifan ƙarfe mai ƙullutu da ke juyawa tare da inji. Ƙullutun na tura sanda, sandar na taɓa kunamar bindiga, a daidai lokacin da farfela ta kauce daga bakinta. Wato matuƙi izini kawai yake bayarwa, inji ne ke harbin. In na'urar ta kuskure kuwa, mutum ya sare farfelarsa da hannunsa, kuma hakan ya sha faruwa.

Da jirgin Fokker Eindecker, matuƙan Jamus Max Immelmann da Oswald Boelcke suka addabi abokan gaba tun daga ƙarshen 1915. Ingila ta kauce wa matsalar da jirgin DH.2, mai inji da farfela a bayan matuƙi, wanda runduna ta 24 ƙarƙashin Lanoe Hawker ta yi amfani da shi. Faransa kuma ta ɗora bindigar Lewis a saman fiffiken jirgin Nieuport 11, harsashi na bi ta saman farfela. Wahalar ita ce sauya kwanson harsashi 47 a cikin iska, kana tuƙi, ana harbinka.