Yadda ake gano duniyoyin wasu taurari

Malam, ka tambayi yadda ake gano duniyar da ke kewaya tauraro mai nisa. Yawancinsu ba a ganinsu, gilmawarsu ake kamawa. Ka taɓa lura da ƙwaro ya gilma gaban fitila da dare? Haka duniya in ta ratsa gaban tauraronta, sai haskensa ya ɗan ragu. Ko duniya mai girman Jupita, wadda ta fi kowace girma cikin masu kewaya ranarmu, kusan kashi 1 cikin 100 na hasken take ragewa a tauraro irin ranarmu.

Na'urar hangen nesa ta Kepler da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a 2009 ta zuba wa taurari kusan 150,000 ido, tana jiran raguwar ta maimaitu a kan kari. Da wannan haƙuri, wanda ke matuƙar burge ni, ta gano duniyoyi sama da 2,600.