Amsa ga ɗan'uwan da BOINC ɗinsa ya daina jawo aiki

Wallahi ɗan'uwa ina karanta tambayarka a kan BOINC, manhajar nan da ke jawo wa kwamfuta ayyukan lissafi na masu binciken kimiyya ta intanet, cewa kwamfutarka tana gama aiki biyu uku sai ta zauna haka kawai, sai na ji kamar ni na rubuta, bara na sha wannan wahalar.

Shiga Options ka buɗe Computing preferences, za ka ga "Store at least" da "Store up to an additional", wato aikin kwana nawa zai ajiye maka, da ƙarin da zai ɗora a kai. Na farkon kwana 0.1 yake zuwa da shi, wato aikin awa biyu da ɗan wani abu, ina wannan zai kai mu da netwok ɗinmu? Ni 2 na sa a na farko, 0.5 a na biyu. Amma don Allah kar ka yi zarin da na yi.

Ni kwana 10 na sa, Einstein@Home, ɗaya daga cikin masu ba da aiki a BOINC, ta cika min laftof da aiki, dare da rana tana yi har fanka ta fara ƙara, sai na kai wa wani mai gyara na ce masa fanka kawai za ka share, kar ka taɓa komai, sau biyu na faɗa masa. Washegari na dawo ya yi mata fomat! Ko kirana bai yi ba alhali yana da lambata. Wai ya ga wani abu yana cinye furosesa, bairos ne. Ayyukan da na ƙona fetur a janareta aka gama, ina jiran datar dare in tura, duk sun tafi, kuma ko haƙuri mutumin nan bai ba ni ba, kuɗin aikinsa ma yake tambaya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, na bar shi da Allah.

Ka sani kuma BOINC na lissafin awa nawa kwamfutarka ke kunne a rana, in ana yawan ɗauke muku wuta da kansa zai rage abin da yake roƙo don kar wa'adi ya wuce. In kana mayar da aiki da kuskure ko a makare, sabar ma rage maka kason rana take yi.

Duba ko ka danna "No new tasks" ka manta, ka duba gigabait nawa ka ba shi a faifai. Kuma saitin da ka yi a cikin kwamfuta shi ke danne na shafin masu ba da aikin. Ka daina danna Update a kai a kai, lokacin jira kawai sabar za ta ƙara maka.

Wani lokacin ma ba laifinka ba ne, masu ba da aiki irin su Rosetta@home sukan bushe ba aiki sam. Ƙara PrimeGrid, shi ma mai ba da aiki ne, ka sa resource share ɗinsa (kason lokacin kwamfuta da ka ba shi) 0, sai sauran sun ƙafe zai kawo nasa.

Danna Ctrl+Shift+E, inda BOINC ke rubuta duk abin da yake yi, ka kwafo mana abin da ya rubuta bayan ka yi Update sau ɗaya, in sha Allah za mu gano inda matsalar take.